Bargon ƙyallaye da nake haɗawa a kan keken Hajiya

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 'yan uwanmu suka taso daga Khartum suka sauka gidanmu nan Gadarif, ɗaki uku mutum sha huɗu, kuma da sanyin Janairu ya shigo sai muka ga barguna sun yi mana kaɗan, yara biyu uku na jan mayafi ɗaya a kan angarib, gadon nan na igiya, har asuba. A lokacin ne kakata Hajiya ta sa aka jawo wani buhu daga ƙarƙashin gadonta, ashe ƙyallaye ne fal, guntun jallabiyar marigayi kakanmu, ragowar atamfar da aka kawo mata tsaraba daga Kano, da yankakkun da take karɓowa wajen tela a kasuwa shekara da shekaru.

Ni da farko na ɗan yi jim, na ce Hajiya ai mutane za su ce faci muke lulluɓa da shi. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke 'yar nan, Ansar ɗin Mahdi da me suka yi ado?" Kuma gaskiya ta faɗa, jibbar nan, wato rigar Ansar mabiyan Mahdin Sudan mai faci-faci, daga tufar masu gudun duniya ta samo asali, bayan 1885 zamanin Khalifa Abdullahi magajin Mahdi har ta zama kayan sojansu, ana jera facin da tsari shuɗi da ja a kan farin yadi. Na taɓa ganinta da idona a gidan tarihi na Baitul Khalifa a Omdurman muna 'yan makaranta.

To ga yadda ta koya min. Da farko wanki, kowane ƙyalle sai ya sha ruwa an goge shi, don wani yana zuba wani kuma yana tsukewa, in ba ki wanke ba ranar da kika wanke bargon ja zai hau kan fari shikenan. Sai ki yanka kwali mai kusurwa huɗu santimita 12 kowane gefe, ki ɗora ki zana da guntun sabulu, ki bi tsayin zaren yadin kar ki yanka a karkace don zai riƙa miƙewa a hannu. Guda tara kike so, biyar masu duhu huɗu masu haske, ki jera uku-uku kamar gidan dara.

Inda aikin yake shine santimita ɗayan nan da ake bari na ɗinki. Wallahi na farkon da na yi sau uku ina farkewa, nan na ci ɗaya nan ɗaya da rabi, da na zo haɗa layukan kusurwoyin suka ƙi haɗuwa, tsakiya ta kumbura kamar ƙosai. Hajiya bata ce komai ba, ta manna salatif a farantin keken daidai santimita ɗaya daga allura ta ce bakin yadi ya riƙa bin nan. Sai guga, layin sama ki kwantar da ɗinkin dama, na tsakiya hagu, na ƙasa dama, in kin kifa su sai ki ji da yatsa sun shige juna ƙam. Kuma kar ki haɗa tob, lulluɓin matan Sudan, mai shara-shara da yadin jallabiya mai kauri, tob ɗin ne zai fara yagewa daga bakin ɗinki.

In ya shiga bargo kowane haɗin tara ɗin nan yana ba da santimita 30, ina neman 24 don na samu 120 da 180, wato ƙyallaye 216 kenan, keken na ƙafa ne don haka ko an ɗauke wuta ina yi bayan la'asar. Yanzu ina da 17. Jiya 'yar yayata ta gane rigar makarantarta ta Khartum a kusurwar ɗaya, ta ɗora tafin hannu a kai ta daɗe bata ɗauke ba, sannan ta ce Anti wannan dai ki sa shi ta wajen kaina.