Kawu ya ce ba inda za shi

Jiya da la'asar na tarar da Kawu yana kwaɓa ƙasa daidai inda katangarsa ta faɗi a daminar bana. Karo na uku ke nan fa. Gidan a kwari yake, can wajen Ƙofar Marusa a Katsina, duk ruwan layin nan yake taruwa. Har yanzu shatin ruwan na jikin bangon ɗakin Inna, ya kawo mini ƙugu. Geron da ke buhu kuwa har tsiro ya yi.

Na ce, "Kawu, ku sayar ku koma tudu mana." Ko ɗago kai bai yi ba. "Wa zai saya? In na tashi kuma, masu kawo mini ɗinki su bi ni ina?"

Sai na tuna da birnin Niyu Olins na Amurka. A Agustan 2005 guguwar Katrina ta fasa shingayen ruwa, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, don unguwanni da yawa sun fi teku ƙasa. An yi ta gardamar ko a bar shi. Ƙarshe gwamnati ta zuba sama da dala biliyan 14 a shingaye da injinan zuƙe ruwa. Su ke nan masu kumbar susa.

Mu da muka ga abin da ruwa ya yi wa Jibiya a 2018, ni dai har ga Allah da son samu ne Kawu ya tashi. Amma ba ni da kuɗin fili da zan miƙa masa. Sai na naɗe ƙafar wando na karɓi shebur.