Alhamdulillah, na samu aiki a sashen gashi: godiyata gare ku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah, Alhamdulillah. Na karɓi takardar kama aiki a wani asibitin kuɗi a nan Kano, sashen gashin ƙashi, a matsayin teknishiyan, wato mai taimaka wa likitan gashi. Tun da na sa a sitatus waya ba ta huta ba, wasu ko sallamarsu ban samu na amsa ba, don Allah ku yi haƙuri, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Bayan Allah sai Baba da Umma. Baba, lokacin da ake ta ce maka wai wane irin karatu ne wannan, 'ya mace ta ƙare a tausa, kai ne ka ce a ƙyale ni tunda taimakon marasa lafiya ne. Umma kuwa addu'arta ko dare ɗaya ba ta yanke ba. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon kyautata muku. Yaya babba, kuɗin adaidaita sahu da na data da na fotokwafin takardu duk daga aljihunka suka fita, kuma ba ka taɓa yi min gori ba, Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato.

Amma wadda nake so in daɗe a kanta ita ce Antina ta wurin aiki, likitar fisiyo, wato ta gashin ƙashi, da ta yarda na riƙa zuwa ina aikin sa kai a ƙarƙashinta duk tsawon zaman jiran nan. Anti, na san ba kya son a ambaci sunanki, ba zan ambata ba. Wanda bai nemi aiki a wannan fannin ba ba zai gane ba, gurbin kaɗan ne, yawancin mutanen Kano in ka ce gashi Asibitin Ƙashi na Dala kawai suka sani, wanda tun 1959 yake nan, sai na Malam Aminu Kano da na Murtala, to kowa can yake kai takardunsa, ƙananan asibitoci kuma da yawa ba su ma da sashen. Akwai inda na kai takarda aka ce a dawo, a dawo, har na gaji, akwai wanda ya fito fili ya ce sai an ba da wani abu. Ban bayar ba, ba ni ma da shi.

A wannan lokacin mutane sun yi ta ba ni shawara in sayi 'yar na'urar lantarkin nan ta rage ciwo da fitilar gashi in riƙa bin gidaje ni kaɗai, ai kuɗi ake samu. Anti ce ta zaunar da ni ta ce a'a. Ta ce duba mara lafiya da tsara masa irin motsa jikin da zai yi aikin likitan fisiyo ne, wanda ya yi digiri a jami'a irin BUK, ya yi shekarar horo a asibiti, ya karɓi lasisi daga MRTB, hukumar da ke kula da masu wannan aikin a Najeriya, ni nawa shi ne in aiwatar da abin da aka tsara, in lura da kyau, in kawo rahoto. Kuma wallahi gaskiyarta, don mun sha ganin waɗanda aka kawo bayan an ƙona musu fata a gida, ko an ja hannun da ya shanye har kafaɗa ta goce.

A hannunta na koyi yadda ake tayar da mai shanyewar ɓarin jiki daga gado zuwa kujera ba tare da an ja shi ta hannun da ya mutu ba, da juya wanda ke kwance duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, da auna hawan jini kafin a fara komai tunda shi ne ke kawo mana yawancin masu shanyewar nan. Ranar intabiyu kuwa abin da suka tambaye ni kenan, wai ga dattijo mai ciwon suga ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai, an ce a sa masa zafi, me zan yi? Na ce ba zan sa ba sai na koma wa likita, domin zai iya ƙonewa bai ji ba. Anti, bakinki ne ya amsa wannan tambayar, Allah ya saka miki da gidan Aljanna.

Sai iyayena mata da na yi wa hidima, musamman Hajiyoyin da suke cewa su dai mace suke so ta taɓa su, da uwayen yaran da ciwon shawara ya taɓa wa ƙwaƙwalwa tun suna jarirai, waɗanda suke goyo su taho tun daga Kurna, Rijiyar Lemo, wasu ma daga ƙauye, wata da watanni ana abu ɗaya kafin yaro ya iya riƙe wuyansa. Haƙurinku ya hana ni karaya, kun yarda da ni alhali ko albashi ba ni da shi. Allah ya ba ku lafiya, ya raya muku zuri'a.

Ƙawayena na guruf ɗinmu na WhatsApp, a cikinku wata ta turo sanarwar gurbin nan da daddare ta ce in gwada, na gode ƙawata. Waɗanda ba su samu ba tukuna, Allah ya kawo naku da gaggawa, duk gurbin da na ji zan turo in sha Allah.

Masu kirana in zo gida in duba Gwaggo ko Kawu, don Allah ku fara kai su likita ya gani, in an tsara abin da za a yi ni mai zuwa ce da yardar asibiti. Ranar Litinin zan fara, ina roƙon ku sa ni a addu'a Allah ya sa albarka a hannuna. Na gode, na gode ƙwarai.