Wata biyu ina tuƙa tuwo a gindin dogon yaro

Ruwan da aka tafka a Maraɗi a ƙarshen watan Agusta na 2024 bai kayar mana da ɗaki ba, alhamdu lillahi, don mun ga waɗanda suka kwana a makaranta da ƴaƴansu. Amma ya ci gindin bangon madafata har ya zabge. Ginin ƙasa ne tun na zamanin marigayi surukina, hayaƙi ya mayar da rufinsa baƙi wuluk. Da muka ji a rediyo cikin watan Oktoba cewa gwamnati ta rage kuɗin siminti, sai na samu ƙofar da na daɗe ina nema. Na ce wa maigida, tunda za a taɓa, a taɓa gaba ɗaya: a yi na bulo, a sa karo, wanda ƴan uwanmu na Katsina ke kira tayil, a shigo da famfo ciki, a yi dogon dakali irin na hotunan da nake tarawa daga Facebook.

Maginin ya duba hoton a wayata, ya gyaɗa kai, ya ce, "Hajiya, sati uku kin shiga." A nan take muka ba shi fiye da rabin kuɗin aikinsa a matsayin kafin alƙalami. Wannan shi ne kuskurenmu na farko, kuma mu muka yi shi da hannunmu.

An fara a farkon Janairu. Rushewa kwana guda ta ɗauka. Kafin la'asar tsakar gida ta koma juji, ƙura ta shiga har cikin randa. Mai amalanken jaki ya juye yashin Gulbi daidai bakin zaure, sai an ɗage zani ake tsallakewa. Buhunan siminti kuwa a ɗakina aka jibge su don gudun masu dogon hannu, na yi makonni ina kwana da warinsu.

Ana cikin kwashe tarkace sai ga Inna, surukata, ta fito da sandarta. Ta nuna duwatsun murhu uku da yaran magini suka riga suka jefa kan ɓaraguzai.

"Ɗiyata, waɗannan ki bar mini su."

"Inna, me za a yi da su? Ai gas za mu koma."

Ba ta tanka ba. Ta sa jikanta ya mirgina su zuwa gindin dogon yaron da ke kusurwar gida, ta gyara musu zama da ƙafarta, ta koma ɗaki. A raina na ce rigimar tsufa ce.

Sati na biyu bango ya kai rabi, magini ya ɓace. In an kira shi sai ya ce, "Ga ni nan tafe," alhali kana jin ƙarar shebur a wani gidan ta cikin wayar. Daga baya na daina ganin laifinsa shi kaɗai. A wancan lokacin rabin unguwa gyara ake yi, siminti ya yi sauƙi, kowane magini yana riƙe da aiki uku ko huɗu, kuma gidan da bai gama biyansa ba can yake fara sammako. Mu da muka riga muka biya mun zama ƴan jira. Da ya dawo sai maigida ya sauya tsari: in rufi ya hau a ba da kaza, in an gama shafe a ba da kaza. Kaya kuma mu muke zuwa kasuwa mu saya da kanmu, mu ƙirga a gabansa.

Shafen bango ya tsattsage bayan kwana huɗu, kamar faso a diddige. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya tsufa a aikin gini ya leƙo, ya shafa bangon da tafin hannu, ya tambayi sau nawa ake ba shi ruwa. Ashe yaron magini kwana biyu ya yayyafa ya bari. Ya ce siminti ba bushewa yake buƙata ba, da ruwa yake kamawa, kuma iskar hunturu tana zuƙe ruwan kafin ya gama aikinsa. A jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuwa sai wajen kwana 28 yake cika. Tun daga ranar ni na karɓi aikin. Da asuba, cikin sanyin nan mai sa haƙora kaɗawa, ina tsaye da bokiti ina shayar da bango kamar mai lambu.

Sai maganar ƙasa. Ranar da aka gama jera karo na ɗebo ruwa na kwara a tsakiya don in wanke. Maimakon ya nufi magudanar da aka huda a lungu, sai ya taho a hankali ya taru a bakin ƙofa, ya tsaya yana kallona. An manta a karkatar da daɓen. Gangaren santimita 1 ko 2 a kowace mita ya wadatar, ido ma ba ya ganinsa, amma rashinsa sai da ya sa aka ɓamɓare layi uku, kuma karon da aka ɓamɓare ba ya sake moruwa. Da na kwara bokitin nan tun kafin a ɗora karo, da kuɗin ba su tafi ba.

Duk wannan lokaci ina nake girki? A kan duwatsun Inna. Mutum goma sha ɗaya ne a gidanmu, kuma ciki bai san ana gini ba. Kwanakin farko ƙosai da koko muka riƙa saye, da dare burodi da shayi, har yara suka fara tambayar ko an hana tuwo ne. Na haƙura na ɗauko kujerata ƴar tsugunno, muka kafa tabarma ta tare iska. Yashi ya sha shiga miyar kuka. Akuya ta taɓa kifar mini da gari. Azumi ya kama a farkon Maris ba a sa ƙofa ba, a can gindin bishiyar na dama kunun shan ruwa na farko.

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa babu wanda zan ɗora wa. Ranar da na shiga sabuwar madafa na aza babbar tukunya a kan murhun gas bisa dakali. Dakalin santimita 90 ne, kamar yadda yake a hoto. Ƙara tsawon murhu da na tukunya, sai ga muciya a daidai haɓata. Tuwon gero na mutum goma sha ɗaya ba da wuyan hannu ake tuƙa shi ba. Zama ake yi, a tokare tukunya, a sa kafaɗa da baya. Na ja muciya sau uku tukunyar ta fara rawa, na kashe wuta. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, wadda ake ɗaura murhunta a kanta, ita ma ba ta da wurin zama sai ƙasa. Turmi kuma ranar farko ya fasa karo guda. Matan da suka zana waccan madafar ta hoto ba su daka, ba su tuƙi. Magini bai taɓa riƙe muciya ba. Ni da na shekara ashirin ina riƙe da ita, ban tsaya na gwada tsawon da hannuna ba, na miƙa waya kawai.

Bayan ƙaramar salla na sa aka yi mini ɗan gajeren dandamali a gefe, iya gwiwa bai kai ba, ba karo a kansa, daɓen siminti kawai. Dogon dakalin ya zama wurin yanka albasa da jera kwanuka, kuma gaskiya yana da kyau, baƙi suna yabawa. Shayi da miya da taliyar yara a gas nake yi, idona ya huta da hayaƙi.

Ran Juma'ar da ta wuce dangin maigida suka zo daga Tibiri, aka ce a yi tuwo mai yawa. Na ɗauki babbar tukunya na nufi gindin dogon yaro. Inna tana zaune a tabarma tana jan carbi. Ta bi ni da kallo har na aza, sannan ta ce wa jikanta, "Kai, miƙo wa uwarka ashana."