Asabar, ana jibi Sallah: ɗuri ta baya

Tambaya ɗaya ce ta cinye mini yinin yau, Kawu ne kuwa ya jefo ta. Da hantsi na leƙa gidansa in kai saƙon Inna, na tarar da shi a zaure ya shimfiɗa buhu yana goge adakarsa, don yana cikin 'yan bindigar da za su fita ranar hawa. Ina zaune yana gwada ɗuri ba albarushi: ya kafa gindinta a ƙasa, ya yi kamar ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya ɗauko sanda ya daddanna. Can sai ya ɗago ya ce, "Kai da kake koya wa yara aikin ƙarfe, gaya mini. Tunda a gindi wutar take tashi, me ya hana mutanen da su huda gindin su riƙa zubawa ta nan, suka zauna ɗaruruwan shekaru suna fama da sanda?"

Na ce, "Kawu, ai sun huda, tun da wuri ma. Rufewar ce ta gagare su."

Na ba shi labarin ƙananan igwa da maƙeran Turai suke yi tun ƙarni na 14 da na 15. Bututun daban, ma'ajin albarushin daban, wani guntun ƙarfe ne mai rami da mariƙi. A cika shi, a zaunar da shi a bayan bututun, a doka wani ƙarfe ko katako a bayansa da guduma don ya matse. Mai harbi yakan tanadi irinsa da dama a cike, yana cire wannan yana sa wancan. Jirgin ruwan yaƙin Sarki Henry na takwas na Ingila, Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, an sami irin waɗannan igwa a cikinsa. Shi kansa sarkin yana da bindigar hannu mai ɗauke da shekarar 1537, wadda marfin bayanta yake buɗewa gefe.

To me ya hana abin yaɗuwa? In albarushi ya kama, hayaƙinsa ba ya sanin gaba ko baya, ko'ina yake tunkuɗa da ƙarfi ɗaya. Ƙarfe biyu da aka goge da magagari a hannu kuwa, duk ƙwarewar maƙeri, sai an sami 'yar kafa a mahaɗarsu. Ta nan wuta take fesowa, kusa da idon mai harbi, ƙarfin da zai tura harsashi ya ragu, kuma kowane harbi sai ya ƙara cin bakin kafar. In ka ce bari ka matse su sosai, bayan 'yan harbe-harbe dauɗar albarushi ta taru, ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, marfi ya ƙi buɗuwa. Ka saki ya yi yoyo, ka matse ya cije.

Kawu ya shafa adakarsa ya ce, "Ashe gara tawa, gindinta a toshe yake har abada." A zamanin da ake magana, gaskiyarsa ce.

Ya kuma tambayi yadda aka yi aka bar mu da adaka bayan duniya ta wuce wurin. Na ce ba lalaci ne kaɗai ba. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels, suka hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani masu ɗuri ta baya da harsasansu, suka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara marasa tsagin cikin bututu da yake sa harsashi juyawa, da albarushin kasuwa. Ya yi tsaki, ya ci gaba da gugarsa.

Bayan azahar na kai babur gareji. Abokina bakanike yana jiran wani yaro ya kawo kaya daga kasuwa, sai muka zauna a benci, na yago kwalin batir na shiga zana masa abin da na fara wa Kawu. Da bakanike hira ta fi daɗi, don kafin ka gama zane ya riga ya hango inda zai lalace.

Na fara da ta Patrick Ferguson, hafsan sojan Birtaniya ɗan Sikotilan, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1776, yana ɗorawa a kan dabarar wani Bafaranshe, Isaac de la Chaumette. Ita ce ta fi burge ni cikin na farko-farkon. Wani ƙaton noti ne ya ratsa gindin bututun daga ƙasa zuwa sama, an haɗa shi da ƙarfen da yake kare kunama. Ka juya wannan ƙarfe zagaye ɗaya tak, notin ya sauka, rami ya buɗe a sama. Ka jefa dalma ta gangara gaba ta tsaya, ka zuba albarushi a bayanta, ka mayar da zagayen, shi ke nan. Abokina ya ce, "Zagaye ɗaya? Noti mai wannan tsawo?" Na ce zaren ba hanya ɗaya ba ce, hanyoyi ne da yawa jere da juna, kowace a miƙe sosai, shi ya sa juyi ɗaya yake tafiyar da shi nesa. Kuma zaren noti hanya ce mai lanƙwasa, hayaƙi ba ya samun miƙaƙƙiyar kafa. Ferguson ya gwada ta a Woolwich a gaban manya, ana ruwa, yana harbi har shida a minti, alhali sojan da yake ɗuri ta baki uku yake samu in ya ƙware. Ga shi ana iya ɗura ta a kwance.

Abokina ya ƙura wa zanen ido ya ce, "Mutumina, wa zai yanka wannan zaren guda dubu a wancan zamani? Kuma ka huda katako a daidai wuyansa, ai nan zai karye." Duk biyun haka suka faru. Kusan ɗari aka ƙera wa rundunarsa. Aka yi amfani da su a yaƙin Brandywine a Amurka a 1777, aka harbi Ferguson a gwiwar hannu, aka watsa rundunar, shi kuma aka kashe shi a Kings Mountain a 1780. Ƙirar ta yi kyau, injin da zai yi ta da yawa cikin araha ne babu tukuna.

Ta John Hall ta Amurka, wadda soja suka karɓa a 1819, ban daɗe a kanta ba. Guntun bayan bututun ne yake ɗagowa sama, ka ɗura ta gabansa ka danna shi ya koma. Tana yoyon wuta a mahaɗa, babu musu. Abin da ya sa nake girmama Hall shi ne aikin da ya yi a Harpers Ferry, inda ya ƙera injuna da ma'aunai har ya zama ana iya cire ƙarfen wannan bindiga a sa wa waccan ya zauna daram. Ita ma ta Christian Sharps ta 1848 dabara gare ta: tubalin ƙarfen da yake rufe bayan yana sauka yana hawa, in zai hau kaifinsa ya yanke wutsiyar ƙunshin takarda, albarushi ya bayyana. Ita ma dai tana feshi.

Sai muka zo kan ta allura. Nikolaus von Dreyse, mutumin Sömmerda a Jamus, ya yi aiki a Paris a shagon Jean Samuel Pauly, ɗan Suwizalan da tun 1812 ya yi rajistar harsashi mai haɗe da komai nasa a ƙunshi ɗaya. Dreyse ya koma gida ya fito da bindiga mai sakata: ka ɗaga mariƙi, ka ja baya, ka sa harsashi, ka tura, ka kwantar da mariƙin ya kulle. Furusiya, wata masarautar Jamusawa, ta karɓe ta a 1841. Harsashin na takarda ne, kuma ɗan maganin da yake kamawa in an buge shi ba a gindi yake ba, yana can gaba, a bayan dalmar. Saboda haka sai doguwar allura ta huda takarda, ta ratsa albarushin duka, kafin ta taɓa shi. Abokina ya kwashe da dariya ya ce, "Wato siririn ƙarfe ne zaune a tsakiyar wuta kowane harbi." Haka ne, shi ya sa take cinyewa ta karye, sojoji suna yawo da ta canji. Bayan ma bai rufu sosai ba, ƙarfe ne kan ƙarfe, in ta yi dauɗa sai feshi ya yi yawa. Amma duk da haka a Königgrätz, ranar 3 ga Yuli 1866, sojan Furusiya yana kwance yana harbi sau da yawa kafin ɗan Ostiriya da yake tsaye da bindigar Lorenz ya gama ɗuri ɗaya ta baki. Bayan wannan rana babu ƙasar Turai da ta sake jayayya.

A shekarar ce Faransa ta fito da ta Antoine Chassepot, kuma a nan ne nake ganin tunani ya juya. Ita ma mai sakata ce, harsashin takarda, allura gajeriya. Sai dai a kan sakatar an sa zoben roba. In wuta ta tashi, matsin yana danna kan sakatar baya, ya matse robar, ita kuma ta buɗe gefe-gefe ta manne da bangon bututu. Iya ƙarfin matsin, iya ƙarfin toshewar. Kafin in rufe baki abokina ya buga cinya ya ce, "Gaskit ke nan! Ba ka haɗa kan inji da jikinsa ƙarfe da ƙarfe, sai ka sa abu mai laushi a tsakani." Saboda hayaƙi ba ya zurarewa, Chassepot tana kaiwa mita 1,200, kusan ninkin ta Dreyse, ga bakinta milimita 11 ne kawai, na waccan kuwa ya haura 15. Aibinta, zafi yana ƙona robar ta bushe, dole a riƙa canzawa. A yaƙin 1870 Faransawa ne suke da bindigar da ta fi, amma su aka ci, don igwar kamfanin Krupp da tsarin rundunar Jamusawa sun fi nasu.

Yaron ya dawo, aka ɗaura mini kaya, na taho.

Da daddare bayan isha na zauna da takarda ina shirya yadda zan kawo wa ɗalibai wannan bayan hutu, a darasin toshe mahaɗa. Abin da nake so su gane shi ne ba a jikin bindigar aka warware matsalar ba, a jikin harsashin ne. An bar ƙunshin takarda aka koma kwanson tagulla, siriri, mai laushi daidai gwargwado. Wuta na tashi sai ya buɗe ya lafe a bango ya toshe ko'ina, matsi na sauka sai ya ɗan koma, a zare shi a yar, ya tafi da wani kaso na zafi da dauɗa. Kowane harbi da sabon matoshinsa. Daga nan aikin ƙarfen baya ya ragu zuwa abu biyu: ya tare gindin kwanso kada ya dawo, sannan ya fitar da shi.

Shi ya sa daga 1866 ƙira iri-iri suka ɓarke lokaci guda, har da tsofaffin dabaru da aka taɓa yarwa. Birtaniya ta ɗauki ƙirar Jacob Snider Ba'amurke, ta yanke bayan tsofaffin Enfield na 1853, ta sa musu marfi mai buɗewa dama, kusan irin na bindigar Sarki Henry, da harsashin da Kanar Edward Boxer ya tsara a Woolwich. Abin da ya gagara shekara ɗari uku sai ga shi yana aiki. Da ita suka yaƙi Sarki Tewodros na Habasha a 1868. Ba ta tofar da kwanso da kanta, sai ka ja marfin baya ka kifar da bindigar ya faɗo.

Martini-Henry ta 1871 ta gyara wannan. Tubalin yana rataye ta baya, ka ja liba ƙasa gabansa ya sunkuya, ya bugi maciri, wato ɗan ƙarfen da yake ciro kwanso, kwanso ya yi tsalle waje. Asalin dabarar ta Henry Peabody ce na Boston, Friedrich von Martini ya ɓoye mabugin a cikin tubalin da sifirin mai naɗi, Alexander Henry na Edinbura kuma nasa tsagin cikin bututu ne. Amma kwanson farko ba curi ɗaya ba ne, fallen tagulla ne aka nannaɗe aka liƙa masa gindin ƙarfe. In bututu ya yi zafi, ga yashi, sai ya manne, maciri ya fizge gindin ya bar sauran a ciki. Sun ɗanɗana wannan a ƙasar Zulu a 1879 da kuma Sudan a 1885, har suka koma kwanso da aka ja daga tagulla guda, suka kuma ƙara wa liba tsawo a ƙirar baya.

Wadda zan sa yara su yanka da katako dai ita ce Remington mai mirginawa, ta Leonard Geiger da Joseph Rider. Manyan ƙarafa biyu ne kacal, kowane a kan kakkaurar ƙusa: tubali a gaba, guduma a baya. Ka ja guduma, ka mirgino tubali, ka sa harsashi, ka mayar. In ka taɓa kunama, kafin guduma ta kai ga bugu kafaɗarta ta riga ta shige ƙarƙashin tubalin ta tokare shi, ba yadda za a yi ya buɗe. Misira ta saye ta da yawa, kuma dubbai daga cikinsu suka faɗa hannun mutanen Mahadi lokacin da suka murƙushe rundunarta da Baturen Ingila Hicks yake jagoranta a Shaykan ta Sudan a Nuwamba 1883. Katako mai kaurin inci ɗaya zai isa, da ƙusa biyu da guntun robar tayar keke a madadin sifirin. Sai na biya wajen kafinta gobe da sassafe, kafin ya rufe shago ya tafi ƙauye.