Buhun madara da dankali: yadda na naɗe kayan barka

Da ƙanwata ta haihu, kayan barka kashi biyar na haɗa: rigunan jariri, sabulai, man shafawa, turmin atamfa na mai jego da ɗan turaren wuta. Takardar naɗin kyauta mai ƙyalƙyalin nan ta shago kuwa, na ce ba da kuɗina ba. Abin da za a yage a minti ɗaya yara su yi ta ja a tsakar gida?

Tsofaffin jaridun maigidana na fara ɗebowa. Na naɗe rigunan tsaf, na kwanta ina jin daɗi. Da safe na buɗe gefe don in gyara, sai ga baƙin tawada a wuyan farar riga, abin ka da zafin bazara da hannu mai gumi. Allah ma ya taimake ni da na buɗe, don shafin da na naɗe atamfar da shi na ta'aziyya ne, da hoton mamaci ƙato a ciki. Wani shafin kuma akwai aya da rubutun Larabci, wanda bai kamata ya ƙare a bola ba. Daga ranar ba na yanka takarda sai na karanta ta ciki da bai.

Mai shagon layinmu ne ya fitar da ni. Ya ce, "Hajiya, ga buhun madarar gari nan, ɗauki." Irin mai cin kilo 25 ɗin nan ne, takarda ce ruwan ƙasa hawa-hawa, da leda daga ciki. Na farke ɗinkin, na cire ledar da ta wajen mai tambari, na ɗauki ta tsakiya. Tas take, ga kauri. Na yayyafa mata ruwa kaɗan na bi ta da dutsen guga marar zafi sosai, ta miƙe sumul.

Wajen ado ne na sha wahala, kuma nan ne daɗin yake. Na raba dankalin Hausa biyu, na sassaƙa BARKA da reza, na dangwala, na buga. Rubutun ya fito a juye! Ashe sai an sassaƙa shi a baibai. Dagin Arewa ma na gwada, ya fito kamar gizo-gizo ya sha duka. Na haƙura na koma kan ɗigo da ganye, irin zanen lallen da hannuna ya saba da shi.

Launi daga madafi na samo. Zoɓo da na dafa ya yi kauri ja ne jawur a kofi, amma da ya bushe a takardar sai ya dushe ya koma wajen ruwan toka, bai burge ni ba. Kurkum ya fi shi kamawa, kuma da na ɗiga masa ruwan kanwa sai rawayar ta juye ja. Kada dai a shanya shi a rana, kodewa yake yi. Lallen ƙunshi kuwa ya fi su duka zama a kan takardar ruwan ƙasa. A rage ruwa. Duk inda dankalin ya jiƙe da yawa sai takardar ta kumbura ta yamutse.

Da kokon sitaci na liƙe na farko, kafin la'asar kiyashi sun yi masa layi. Sauran huɗun sai na ɗaure da ƙyallayen atamfa da na tsinto wajen tela, na yi musu zarge.

Ranar suna Goggo ce ta kwance na atamfar. Ba ta yaga ba. Ta warware ƙullin a hankali, ta shafa zanen, ta ce, "Ke 'yar nan, a ina kika sayo wannan?" Na ce mata buhun madara ne. Ta shinshina, ta harare ni, ta ninke ta gida huɗu ta cusa a jaka, wai za ta shimfiɗa a ƙasan akwatinta.