Aikin da bango yake rufewa

Shekarata ta biyu ina koyon aikin famfo a hannun ogana na yi aika-aikar da har yau in na tuna sai na ji kunya ta kama ni. Wani sabon gini ne a Kano wajen Rijiyar Zaki, banɗaki uku da kicin, oga ya ga hannuna ya fara faɗawa sai ya bar mini banɗaki ɗaya ya tafi Ƙofar Ruwa sayo kaya. Na sassaƙe bango, na jera bututun PVC rabin inci, na sa gam na haɗa mahaɗan bututu, wato elbo da ti, ni a ganina aiki ya yi kyau. Mai tayil yana tsaye a kaina yana ta azalzalata wai shi ma ranar zai gama ya karɓi kuɗinsa, ni kuma yaro, sai na ce masa bismilla rufe kawai, ban saki ruwa na gwada ba.

Sati uku da tarewar masu gidan fentin ɗakin da ke bayan banɗakin ya fara kumbura yana ɓarewa, bango ya jiƙe kamar an watsa masa ruwa. Elbo ɗaya tak ne ban tura shi ya zauna ba, gam ɗin ma gefe ɗaya na shafa.

Toh abin da oga ya yi shi ya fi tsaya mini a rai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi sauƙi. Cewa ya yi in wuce gaba, ni zan yi wa maigidan bayani da bakina. Wallahi a hanya na shirya ƙarya ta kai uku, in ce bututun ne jabu, in ce mai tayil ne ya buga ƙusa, amma da muka durƙusa muka gaisa sai kawai na ji bakina ya ce Alhaji laifina ne, ban gwada ba na bari aka rufe. Alhajin ya daɗe yana kallona sannan ya juya wajen oga ya ce to malam yaya za a yi. Oga ya ce za mu fasa mu gyara, tayil ɗin da ya karye a kanmu. A kanmu ɗin nan kuwa daga ɗan abin da ake sallamata da shi aka riƙa cira, wata biyu ina zuwa aiki a ƙafa.

Tun daga ranar ba a rufe mini bango sai na toshe bakunan bututu na cika su da ruwa sun kwana, da safe in bi kowace mahaɗa da busasshen hannu ina shafawa. Mai tayil ya yi fushinsa ya gama. Ko bututun PPR ne da ake narka bakinsa da injin zafi, wanda mutane ke cewa ba ya yoyo, shi ma in ka bar shi ya wuce lokaci a wuta bakin yakan tsuke daga ciki, ruwa ya riƙa zuwa kamar fitsarin jariri, maigida yana ta zargin tanki.

Kaga aikinmu yawancinsa ido ba ya gani. Kafinta in ya yi ƙofa a karkace kowa zai gani, mu kuwa namu yana cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa cuta ta yi sauƙi a sana'ar nan. An ba ka kuɗin bututu mai kauri ka sayo mai shara-shara, ɗan shago ya rubuta maka rasit ɗin mai tsada ku raba, wa zai sani? Na ga abokan koyona da suka yi haka sun riga ni sayen mashin, ba zan ɓoye ba na ji haushi lokacin. Amma bututun inci 4 na masai in ba a ba shi gangara daidai ba, ko aka sa mara ƙwari ya lotse a ƙasa, wata shida gida ya ɗau wari, kuma ba a manta sunan wanda ya yi aikin.

Akwai kuma wanda ya wuce asarar kuɗi. An taɓa kirana in haɗa layin ruwan sha, hanya mafi kusa ta cikin kwata take bi, maigidan ya ce bi nan kawai kar bututu ya ƙaru. Na ce ranka ya daɗe in aka ɗauke ruwa bututun nan ba matsi a cikinsa, ko 'yar ƙaramar tsaga ce ruwan kwata zai shiga, shi yaranka za su sha, haka amai da gudawa ke shiga gidaje da damina. Ya ɗan yi tsaki amma ya ƙaro kuɗin. Haka ma masu son a haƙa sokawe a gindin rijiya ko bohol, ana son tazara ta kai kamar mita 30, filayenmu na cikin gari kuwa ba sa kaiwa, sai dai ka faɗi gaskiya a nemi kusurwa mafi nisa.

Sai maganar shiga gidan mutane, wannan ba a koyar da shi a Trade Test, jarrabawar masu sana'ar hannu, ni har na ci mataki na uku da na biyu ba wanda ya tambaye ni. Mu ne muke shiga inda ƙanin miji ma ba ya shiga, har banɗakin uwargida. Oga in mun je sai ya tsaya a zaure ya aika yaro a ce masu gyaran famfo ne za a shigo, mu jira a kimtsa, mu yi sallama mu cire takalmi, idonka a kan sifana da filayarka. Ka ga zobe ko waya a bakin wajen wanke hannu, kira yaron gidan ya ɗauke kafin ka fara. In ka gama ka share ƙasar da ka fasa, ka nuna wa Hajiya inda za ta kashe ruwa in wani abu ya fashe da dare, da yawa ba su san wajen ba sai gida ya zama tafki.

Wanda har yanzu nake fama da shi shi ne ƙaryar "ga ni nan zuwa". Mutum ya kira ruwa na ambaliya a kicin, kana Hotoro a kan wani aikin ka ce minti goma don kar ya kira wani. Na rage dai, yanzu nakan ce kashe daga tanki sai bayan la'asar zan iso, in ba za ka iya jira ba ga lambar wani. Wasu sun jira wasu ba su jira ba.

Yanzu yara biyu ne a hannuna. Makon jiya ƙaramin ya zo yana murna wai ya gama banɗakin sama mai tayil na jira, na ce ka saki ruwa? Ya fara sosa ƙeya. Na miƙa masa abin toshe bututu na ce je ka gaya wa mai tayil sai gobe.