Abin da na koya wajen sayen gida a estet a Abuja

Shekara tara na yi ina zaman haya a Kubwa kafin in tara abin da zai sa in fara tunanin mallakar muhalli, kuma tun farko hankalina ya karkata ga rukunin gidajen nan masu katanga da ƙofa ɗaya, waɗanda mutanen Abuja ke kira estet. Aikina na yawan tafiye-tafiye ne, saboda haka ina so in bar iyali inda akwai mai gadi dare da rana, inda yara za su hau keke a kan layi ba tare da uwarsu ta riƙa leƙowa ba.

Dillalin da ya fara kai ni Lokogoma ya kai ni ne a watan Fabrairu, ƙasa a bushe, fenti yana sheƙi. Da na ba yayana labari, sai ya ce in dakata har damina ta sauka sosai in koma in sake dubawa, domin gidan Abuja ba a gane halinsa da rani. Na koma a watan Agusta, na tarar da shatin ruwa a jikin katangar gidan kusan zuwa gwiwa, ƙaramin kwalbatin da ke bakin layin kuma ya toshe da yashi. Lokogoma ta yi suna wajen ambaliya, musamman gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa, amma ba duk unguwar ce haka ba, don a ƙarshe a nan na samu wani gida a kan tudu.

Batun takarda shi ne ya fi cin lokacina, kuma a ganina nan ne mai saye ya fi saurin yin sakaci, domin katanga da mai gadi cikin yunifom suna sa mutum ya ɗauka komai na wurin a kan ƙa'ida yake. Tun dokar amfani da filaye ta 1978, ƙasa a jihohi tana hannun gwamna ne a matsayin amana, a Abuja kuwa ministan babban birnin tarayya ne ke ba da fili, kuma satifiket ɗin mallaka da ake ba mai gidan zama na shekara 99 ne. A estet, gwamnati kan ba kamfani babban fili da sunansa, kamfanin ya yanka shi, ya gina, ya sayar. Abin da yawanci ke shiga hannun mai saye shi ne rasit da wasiƙar kamfani mai cewa an ba shi gida lamba kaza, wadda ba ta da ƙarfin takardar gwamnati. Idan kamfanin ya jinginar da filin gaba ɗaya a banki, ko kuwa ya yi gini a wurin da taswirar birni ta ware don shuke-shuke ko magudanar ruwa, masu gidajen ne za su kwana a ciki ranar da motar rusau ta iso.

Saboda haka na ɗauki lauya, duk da dillali ya yi ta nuna mini cewa ɓarnar kuɗi ce. Lauyan ya yi bincike a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, ya tabbatar filin da sunan kamfanin yake kuma babu bashi a kansa, sannan ya nemi ganin zanen ginin da hukumar kula da gine-gine ta amince da shi. Shi ne kuma ya dage sai an rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka da sunana, tare da sharaɗin cewa kamfanin zai ba da haɗin kai idan na tashi neman satifiket nawa na kaina. Amfanin wannan ya fito fili da na nemi rancen asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cirar mana kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa, kuma ruwansa kashi 6 ne cikin ɗari: tambayar farko da aka yi mini ita ce wace takarda ke kan gidan.

Kango na saya, wato gini da rufi kawai, ba taga ba ƙofa ba wayar lantarki, kuma ƙarasa shi ya ci fiye da yadda na ƙiyasta. Wannan laifin lissafina ne. Abin da ban yafe ba shi ne titin da aka nuna mana a hoto da kwalta, wanda har yau jar ƙasa ce, ga taransifoma da mazauna suka haɗa kuɗi suka saya bayan kamfanin ya kwashe kayansa ya tafi. Kuɗin hidima kuwa ba ya ƙarewa: albashin masu gadi, kwasar shara, gyaran famfon burtsatse, fitilun layi. Ƙungiyar mazauna ce ke karɓa, kuma rabin saƙonnin da ke zaurenmu na WhatsApp sunayen waɗanda ba su biya ba ne.

Akwai kuma abin da lauya ba zai bincika wa mutum ba. Ni ɗan Zariya ne, na tashi a gida mai zaure, inda baƙo ke yin sallama ya shigo ya zauna kafin a tambayi ko shi wane ne. A nan sai mai gadi ya kira ni a waya na amince kafin a buɗe wa kowa. Ranar da kawuna ya zo ba sanarwa, wayata na kashe, ya yi kusan sa'a guda a kan benci a bakin ƙofa, kuma da na iso ina ba shi haƙuri abin da ya ce kawai shi ne: "Ashe yanzu sai da izini ake ganinka." Washegari na kai wa shugaban masu gadi sunayen 'yan'uwana a rubuce, aka liƙa a bangon ɗakinsu, sai dai kawu bai sake zuwa ba tukuna.